Filon da Ya Riƙe Bayan Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da abin da ya fi baƙin ciki, Dogo, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar filonsa, wanda ya cika jiya Talata da hantsi, a sararin sama, yana bakin aiki. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya.

An haifi marigayin a kan keken ɗinkin wata budurwa, wadda a yau ita ce uwar 'ya'yan Dogo. Ita ta fara lura cewa saurayin nata ba ya zama a kujera sai a karkace. Bai faɗa ba, ba ta tambaya ba. Bayan mako guda ta miƙa masa wani shuɗin filo ɗan madaidaici, ta ce, "Ungo, tunda bakinka ya fi bayanka taurin kai." Daga ranar bai ƙara tashi sama shi kaɗai ba.

Wanda ke ƙasa yana ɗaga kai yakan ɗauka matuƙi tsuntsu ne. Ina! Ɗaurarre ne. Hannun dama na kan sanda, na hagu na kan wata, ƙafafu biyu na kan feda, ɗamara ta zarge ƙirji. Ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai dai ya yi masa sannu da zuwa. Jirgin kuwa girgiza yake kamar mai tankaɗe, kuma kujerar ba don dogon mutum aka ƙera ta ba, don haka Dogo a lanƙwashe yake tuƙi kamar lauje. Tsakanin wannan ƙashi da wannan ƙarfe marigayin ya kwanta, shekara da shekaru.

Mai haƙuri ne, ba a taɓa jin ƙorafinsa ba. Maganarsa ɗaya ce a duniya, "fuuu," duk safiya idan Dogo ya jingina da shi. Da shi aka kai ma'aikata kan duwatsu, da shi aka ɗauko marasa lafiya daga inda mota ba ta zuwa. Amma babban halinsa riƙon sirri. Duk wata shida likitan matuƙa yakan tambayi Dogo, "Akwai inda ke maka ciwo?" Shi kuma ya ce, "Ko ɗaya, likita." Marigayin yana cikin mota yana jira, bai taɓa shiga ya ba da shaida ba.

Kada a yi saurin zargi. A ƙuryar rumfar jirage akwai wani ɗaki marar taga, da tebur ɗaya da allo. Nan Tsoho yake, wanda a da babu matuƙi kamarsa, har ranar da ya faɗa wa likita gaskiya, aka hana shi tuƙi. Yanzu shi ke rubuta wa sauran matuƙa lokutan tashi. Duk sanda inji ya tashi a waje sai alƙalaminsa ya tsaya, ya karkata kunne, ya faɗi sunan mai tuƙin, kuma bai taɓa kuskure ba. Dogo yakan zagaya ta bayan rumfa don kada ya bi ta ƙofar nan.

Jinyar marigayin ta yi tsawo. Shekara biyu yana ramewa. Injiniyan jirgin ya yi masa faci sau uku, a na ukun ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ce, "Kyaftin, wannan ai ya tashi daga filo, ya koma hankici."

Jiya an ɗaura wa jirgin wani dogon ƙarfe da igiyar waya, za a ɗora shi a kan turken sadarwa a bisa dutse. Aikin yana son jirgi ya tsaya cak a iska, ba gaba ba baya. Ma'aikata huɗu na ƙasa, hannuwa a sama suna jiran ƙarfen. A nan ɗinkin ya yage. "Fis," in ji marigayin, kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Auduga ta tashi a cikin jirgi. Wani zafi kamar an zura waya mai wuta ya bi ƙafar Dogo ta hagu, sannan abin da ya fi zafin muni ya zo: ya daina jin ƙafar. Sai da ya duba da ido kafin ya san tana kan feda. Ba hannun da zai saki, ba wurin sauka, ga kawunan mutum huɗu a ƙarƙashinsa. Minti uku ya yi a haka. Ya ajiye ƙarfen daidai, waɗanda ke ƙasa har da tafi.

Da ya dawo ya sauka, farfela ta tsaya, shi bai fito ba. Injiniya ya buɗe ƙofa yana dariya. "Sauko mana, ko haya ka kama a ciki?" Da ya ga fuskarsa sai ya kwance masa ɗamara, ya ba shi kafaɗa.

Marigayin ya rasu ya bar kujera, da kwalbar man zafi rabi, da wata ƙarya 'yar shekara goma sha ɗaya wadda yanzu ta zama marainiya.

Dogo ya kai gawar gida, ya roƙi a ɗinka masa wani kafin Alhamis, ranar ganin likita. Matarsa ta zura hannu cikin audugar ta zaro wani ɗan ƙyalle, da rubutun zare a jikinsa: Ka dawo mini da ƙafarka.

"Duk shekarun nan a kansa kake jingine," ta ce. "Filo na ɗinka maka, Baban yara, ba mayafin ƙarya ba. Ba zan sake ba."

Filo kam kasuwa cike take da shi, Dogo ya sani. Amma babu filon da zai taka masa feda.

Za a yi ban kwana da marigayin yau Laraba da ƙarfe huɗu a rumfar jirage. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya taho da sabon filo. Ba za a binne shi ba, za a kwantar da shi a ɗakin Tsoho. Da Dogo ya je neman izini, karo na farko da ya taka ƙofar, Tsoho ya dube shi ta saman tabarau.

"Kujera ɗaya ta rage. Ta gawar ce ko taka?"

A waje wani inji ya tashi. Su biyun suka karkata kunne, har ƙarar ta yi nisa.

"Tamu ce," in ji Dogo. "Gobe zan faɗa wa likita komai. Sai dai ka riƙa bar mana ƙofar a buɗe."