Shafin da Sallau Ya Haddace

A Unguwar Tsamiya akwai wani mutum, Sallau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi. Shi da matarsa Kande kaɗai suka rage a gida. 'Yarsu ta fari, Ladidi, tana aure a Fatakwal, shekara bakwai ba ta zo ba. Kunyar 'yar fari ta hana iyayen su ce mata komai. Jikar da aka haifa can kuwa Turanci kawai take ji. In an ba ta waya, ita da kakanta sai dai numfashi.

Wata rana Sallau ya kai kuka wurin Malam Ilu, tsohon malamin firamare. Malam ya ba shi shafi ɗaya daga yagaggen ƙamus, kalmomin duk farkonsu iri ɗaya. Ya ce, "Kullum ka zo in fassara maka ɗaya, ka yi aiki da ita a ranar." Ta farko comb, wato taje gashi. Sallau mai sanƙo ne, don haka akuyar Kande ta wuni a hannunsa.

Wata rana aka zo kan combat, faɗa. Ya tafi rumfar Ɗandare mahauci, ya yi sallama cikin ladabi, ya kai masa naushi. Ya dawo da sauran haƙoran da Ɗandare ya bar masa.

Wata rana kuma combine, haɗawa. Gero, dawa da wake suka koma buhu ɗaya. Kande ta kwana uku tana tsinta, sannan ta je ta sami Malam Ilu. "Malam, jikar nan dai za ta same mu da rai?" Kalma ta gaba ma'anarta ƙonewa ce, Malam Ilu ya tsallake ta.

Wata rana Ladidi ta kira, aka miƙa wa yarinyar waya. Kalmar ranar, mai ma'anar zo, ita ce kaɗai a bakin Sallau.

"Amarya, come."

Sai ga muryar Ladidi: "Baba, da gaske? Na ɗauka ba ku nemana."

Ba a amsa wa 'yar fari. Sallau ya kalli ƙasa, ya ce, "Come."

"To, ku jira mu a tasha."

Ranar Litinin ce, motarsu sai Juma'a. Sallau ya naɗe tabarma ya nufi tasha. Kande ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta fasa, ta ɗauki mayafinta.