Dubu Biyu Ya Share wa Sarki Ƙura

To, bismillah, rubuta yadda na faɗa. 'Yata ta biyu ce ta fara ba ni labarin darar Turawan nan, ces, don mijinta gwani ne. Gwani fa, Allah ya ƙara basira! A wasan kowa da makinsa, in ka ci a ƙara, in an ci ka a rage. Tun da nasa ya kai dubu biyu da uku, ko gaisuwa da gira yake amsawa. Dubu Biyu ake ce masa, kuma yana waiwayowa.

Gasa ta zo. Aka haɗa shi da wata dattijuwa mai sayar da magani, makinta bai kama ƙafar nasa ba. In ta ci shi, ya faɗo ƙasa da dubu biyu, suna ya tafi. Wata guda yana haddar yadda zai buɗe wasa, taku ashirin, yana zagaya falo yana bita. Ai da surori ya riƙe haka da mun huta.

Ya shiga zauren gasar da kwat da turare, ya ja kujera, ya ce, "Baba, kada ki ji tsoro. Ko an ci ki, kin ƙaru."

Ta ce, "Allah ya sa, ɗana."

Ya tura sojan da ke gaban sarkinsa a kan allo, ya danna agogon wasa kamar mai buga hatimi. Ita ma ta tura nata. Sai bawan Allah ya hango ƙura a kan sarkinsa. Shi da tsafta! Ya ɗaga sarkin, ya hure, ya goge da hankici, ya mayar.

Dattijuwa ta ce, "Ɗana, ka taɓa."

Ashe doka ce, abin da ka taɓa shi za ka matsar, sai in ka nemi izini tukuna. Ya ce, "Kin san makina kuwa?" Alƙalin wasa ya zo, ya ce shi ma ya sani, a matsar da sarki.

Haka sarki ya fito fili tun taku na biyu, ba gida ba mai gadi. Ta bi shi lungu-lungu tana jan carbi da hannun hagu, har sarkin ya rasa wurin zuwa, ta cinye wasan.

Ya dawo gida ya ce sabon salon buɗi ne yake gwadawa, duniya ba ta kai ga fahimtarsa ba tukuna. Allah ya yafe mini, na ce amin.

Yanzu haka yana falo gaban allo, ya danne hannuwansa biyu da cinya. 'Yata ce ke matsar masa da 'ya'yan wasan.