Katin da Ya Yi Nasara a Gidan Bashmuhandis

Unguwar Dar Salam ta Omdurman ta yi dace da Allah ya ba ta Salahuddin. Shekara tara yana ɗaure tayoyi a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, sai rana guda ya wanke hannu, ya sayi tabarau marar magani, ya ce daga yau a kira shi Bashmuhandis, wato babban injiniya. Duniya kaf ba abin da yake so kamar sunan nan. Wanda ya ce masa Salahu kuwa, ko sallamarsa ba a amsawa.

Ƙarshen shekarar 2022 ya shigo da katunan hoton kwamfuta guda biyu, irin waɗanda ake haƙar kuɗin kirifto da su. Mai fanka uku ya sa masa Giwa, mai fanka biyu Barewa. Ya jera su a ɗakin baƙi, suna huci kamar gidan burodi.

"Ya jama'a," in ji shi a wajen mai shayi, yana ɗaga yatsa, "Giwa ta fi shan wuta, amma ta fi zurfin haƙa. Barewa ba ta da ci, sai dai numfashinta gajere ne. Ku ba ni kwana arba'in, zan yanke hukuncin da Turawa suka kasa."

Kullum allon kwamfutar cike yake da jan rubutun Turanci. Bashmuhandis bai iya karanta shi ba, bai kuma ga dalilin koya ba. Ja, a iliminsa, alamar katin na aiki da jininsa ne.

Ranar arba'in ya gayyato dattawan unguwa, ya sha rawani, aka zuba gahawa. Cikin baƙin har da Muhannad, ƙanen matarsa, mai gyaran waya a kasuwar Suƙ Libiya. Muhannad ya leƙa allon, ya sake leƙawa.

"Yaya, wannan kuɗin ai tun watan Satumba aka daina haƙarsa da kati. Khalas, an gama. Jan rubutun cewa yake ba a samu hanya ba."

Gumi ya karyo daga ƙarƙashin rawani. Wani dattijo, don ya rufa wa Bashmuhandis asiri, ya tambaya a hankali ko to wanne ya fi.

"Giwa mana, Baba," in ji Tayyiba, matar gidan, daga bayan labule. "In na shanya kuɓewa a gabanta da safe, kafin la'asar ta bushe ƙarau, sai daka. Barewa sai ta kwana biyu."

Dattawa suka ce wallahi tamam, hukunci ya yi daidai, suka tafi da labari gida.

Sunan dai bai ɓace ba, a yi masa adalci. Har ƙari ya samu. Yanzu duk safiya matan unguwa na layi a ƙofarsa da faifai a kai, suna tambaya ko Bashmuhandis na Kuɓewa ya kunna Giwa.