Rim Ɗin Da Dutse Ba Ya Ƙwarzanewa

"Fenti? Fenti ai na masu ƙofar shago ne," in ji yayana, wanda ya raɗa wa kansa suna Ka-Fi-Kamfani. "Ni hodar fenti zan fesa wa rim ɗin tayoyin motata in gasa. Dutse ya doke shi, dutsen ne zai ji ciwo."

Ban daɗe da dawowa gida ba bayan shekaru a waje, zama ya ishe ni, ko faɗan kaji na ji sai na leƙa. Sai na bi shi.

Ka san abin da ke cin ransa? Surukinsa ya taɓa cewa tsohuwar jif ɗin Yaya akwalar tsatsa ce, mai ita kuma sai baki. To ga shi tsohon ya yarda a kai shi gonarsa ta kan tudu, Yaya ya rantse ranar zai ƙwato mutuncinsa.

Ya kankare rim huɗu, ya aro bindigar feshi, ya kwashe farantan kek daga babban obin ɗin matarsa.

"A ina zan yi gashi?" in ji ta.

"Hajiya, kimiyya ake yi."

Da ya zo kan ramukan noti sai ya yi tsaki. "Kamfani na barin nan tsirara. Rowar hoda ce kawai." Ya lafta musu, ya gasa, ya sake laftawa. Rim ya fito baƙi wuluk, kana ganin haƙoranka a ciki.

Ranar tafiya Baba, surukin nasa, na gaba, ina baya. Hawa lafiya lau, Yaya na ta lacca. A gangarowa birki ya ɗau zafi, hodar da ke ƙarƙashin notin ta yi laushi, noti suka saki. Muka fara jin ƙwal-ƙwal.

"Mene ne wannan?" in ji Baba.

"Duwatsu ne ke kuka, Baba."

Bai rufe baki ba jif ta durƙusa kamar raƙumi. Taya ta wuce mu a guje, tana tsalle kan duwatsu, har gindin tudu.

Baba ya sauka da sandarsa, ya taka har can, ya sunkuya ya duba rim ɗin da kyau. Sannan ya ɗago.

"Gaskiyarka, ɗana, ko ƙwarzane babu. Sai ka sayo masa mota."