Ranar da Aka Je Kwantar wa Iya Tabawa da Hankali

Wata ƙawata ungozoma ce ta ba ni labarin nan, ta ce a gabanta aka yi. Bara da kogi ya yi ambaliya a ƙauyen da take aiki, ruwa ya ci gidaje, ya tafi da wani dattijo da ya koma kwance akuyoyinsa. Matarsa, Iya Tabawa, tun daga ranar ta ɗinke bakinta. Ko kunu aka kawo sai ta kurɓa sau biyu ta ture, har 'ya'yanta suka fara tsoron kada ta bi shi. Ana cikin haka wata ƙungiya ta turo wata budurwa daga birni, wai aikinta kwantar wa mutane da hankali. Ta iso da tabarau da jaka da takarda mai layi-layi, ta ce wa ƙawar tawa ta raka ta.

Da shigarsu ɗaki, ba "ya haƙuri", ba "Allah ya jiƙan rai". Budurwar ta ce, "Sannu Mama," ta jawo kujera ta ɗare, tsohuwa kuwa tana ƙasa a kan tabarma da carbinta. Sannan ta dubi matan da suka zo taya Iya zaman takaba ta ce su ɗan fita, maganar sirri za a yi. Suka fita suna kallon juna, suka tsaya a bakin ƙofa inda ba abin da zai wuce su.

Budurwa ta buɗe takarda ta ce, "Mama, ki saki jiki, ki dube ni cikin ido. Mene ne sunan mijin naki?"

Iya ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Shekara arba'in da biyar ina gidansa ban taɓa kama sunansa ba. Sai yau da ba zai amsa ba?"

Ƙawata ta sunkuya ta raɗa wa baƙuwar sunan, ta rubuta. Ta gyara tabarau ta koma layi na biyu.

"To Mama, wannan baƙin cikin da kike ji, in an ce ki auna shi daga ɗaya zuwa goma, nawa zai kai?"

"'Yar nan," in ji Iya, "jaje kika zo ko awo?"

Wata a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Ƙawata ta ce ita dai ƙasa ta duba, don rabon da a ji Iya ta haɗa magana biyu a jere tun ranar ruwan, ga dariya na cinta ga shi ba wurin yi ba ne.

Baƙuwa fa ta shaƙa. Ta rufe takarda ta ce, "Haba Mama, ki ba ni haɗin kai mana. Kada ki ga kamar ban san al'adarku ba. Kafin a turo mu sai da aka tara mu a otal, aka rufe mu kwana uku cur ana koya mana al'adun mutanen karkara. Har takardar shaida aka ba ni."

A nan ne Iya ta ajiye carbi, ta ɗaga kai ta dube ta tun daga tabarau har takalmi.

"Kwana nawa kika ce?"

"Uku, Mama."

Iya ta gyaɗa kai ta ce, "To ai lissafin ya fita. Ita ma daddawa kwana uku ake rufe ta, ta fito tana wari."