Tanimu Kunnen Ƙasa da Turken Ragona

Wani mutum ne a unguwarmu, Tanimu. Kunnen Ƙasa ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Ni ba mai yawan magana ba ne, kun san ni. Amma tun da a ƙofar gidana aka yi abin, bari in faɗa sau ɗaya, kada a sake tambayata.

Tanimu ya taɓa zuwa birni ya yi leburanci wajen masu shimfiɗa bututun ruwa. Ya haƙa rami, a sa bututu, ya mayar da ƙasa. Iyakar aikinsa ke nan. Ko damina bai cika ba ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa, da wani dogon rodi da ya liƙa wa mazurari a ka. Ya ce da wannan ake sauraren ruwa a ƙarƙashin ƙasa. A kafa rodi, a ɗora kunne a mazurari, in bututu na yoyo za a ji. To, wannan gaskiya ne, masu sana'ar na yi. Sai dai Tanimu bai tsaya nan ba. A teburin mai shayi yakan ce shi rodin ma don kara yake riƙewa, kada a ce maita ce. Wai in ya kwanta a ɗakinsa yana jin tulun maƙwabta na tsatsafo. Wai a birni ya taɓa jin yoyo ta cikin kwalta, yana kan babur, inji na ruri. Wai ranar da zai taho gida injiniyoyi sun riƙe masa riga suna hawaye. Mu dai mukan sha shayinmu.

Bututun unguwarmu ya tsufa, ruwa na ɓacewa a hanya kafin ya iso famfo. Nan Tanimu ya hango abinci. Ya kama shago, ya sa aka rubuta masa allo mai girma: Kamfanin Kunnen Ƙasa, Gano Yoyo da Gyaran Bututu. In ka leƙa ciki, benci ne da rodi. Jari babu.

Sai ya kafa wa Hajiya Yalwa ƙahon zuƙa. Hajiya Yalwa dillaliyar hatsi ce, tana da gidajen haya a unguwar, kuma damshin yoyo na cin katangunta. Kullum yana zaurenta yana zuba. Ta saurare shi har ta gaji, ta ce ita ba ta cinikin biri a sama. Ranar Asabar ake sako mana ruwa, da hantsi. Ta ce ranar za ta zo layinmu da kanta, ya nuna yoyo a gaban jama'a, a haƙa a gani. In ya gano, ta zuba jari, har da a-kori-kurar ɗaukar kaya. In bai gano ba, kada ya ƙara taka mata zaure.

Tanimu ya buga ƙirji ya ce ta fara neman direba.

Abin da zan faɗa yanzu daga baya muka ji shi, daga bakinsa, a gaban mai unguwa. Da ya koma shago ya zauna da rodinsa, sai ya shiga lissafi. Ya san kunnen nan nasa ko kiran sallah sai an tashe shi. Sai ya ce to, tun da ba zai iya gano yoyon da Allah ya yi ba, bari ya yi nasa. Ranar Juma'a, maza sun tafi masallaci, mata na cikin gida, layi tsit, famfo a bushe. Ya zo jikin katangata inda bututu ya bi, ya tona, ya sa ƙusa ya huda, ya mayar da ƙasa ya daddaɓe. Saura alama. Darbejiya ce jere a layin, duk kamarsu ɗaya, katanga kuma doguwa. In ya ajiye dutse, wani ya shure. In ya ja layi, iska ta share. Sai ya ga turken ragona a kafe daram, daidai wurin. Ya ce ga alamar da ba ta tafiya.

Mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba.

Ragon nan na layya ne, ina ji da shi. A inuwar da ta fi kowace sanyi nake ɗaure shi. Asabar da sassafe Mai Unguwa Sallau ya aiko cewa Hajiya za ta zo, a gyara mata wurin zama. To, ba a haɗa baƙuwa da rago a inuwa ɗaya. Na zare turke, na share wurin, na watsa yashi, na ajiye kujerar roba. Na ga ƙasar ta yi laushi, na ce ragon ne ya tona da kofato. Na matsa gaba zuwa wata darbejiyar, na kafa turke, na ɗaure shi. Na ba shi dusa da ruwan kanwa. Wanda ya yi kiwo ya san abin da kanwa ke sa rago. Ya sha kamar ba gobe, ya yi ta aikinsa a gindin turke.

Hantsi ya yi. Hajiya ta iso da leshi fari ƙal da mayafi mai tsada, ta zauna a kujerar. Mai unguwa na gefenta. Layi ya cika, har masu garuwa sun ajiye kurarsu suna kallo, don su abin ya shafi cinikinsu. Aka ji famfunan saman layi sun fara tari, ƙyaf-ƙyaf, alamar ruwa na tafe.

Tanimu bai fito ba sai da ya tabbata an gaji da jira. Ga hular kwano, ga baƙin tabarau, ga rodi a kafaɗa kamar mai zuwa farautar zaki. Ya gaida Hajiya sama-sama, ya juya ga jama'a ya kafa doka. Kada wanda ya yi tari. Kada wanda ya ja takalmi. Mai goyo ta ba ɗanta nono. Ya ce aikin kunne ne, magana ɗaya tana iya korar sautin.

Ya fara daga bakin layi. Ya kafa rodi, ƙwas. Ya ɗora kunne, ya lumshe ido, ya girgiza kai. Ya matsa gaba, ƙwas. Ya girgiza kai. Duk yana yi yana satar kallon ƙasa ta ƙarƙashin tabarau. Ya wuce kujerar Hajiya ko waiwaye bai yi ba. Da ya hango turke sai tafiyarsa ta canza, ya fara sanɗa, yana karkata kai kamar kazar da ta ji shaho. Ya kafa rodi a gindin turke, ragona na kallonsa yana tuƙa.

Ya ɗaga yatsa sama. Ya ce ga shi nan, yana ji, shuuu, kamar maciji a rami. Ya durƙusa ya shafa ƙasa, ya ɗago hannu jiƙe sharkaf ya nuna wa jama'a. Wasu suka fara salati.

Hajiya ba ta motsa ba. Ta ce, "Damshi dai damshi ne, Tanimu. Ta ina zan san na famfo ne?"

Ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da ya fi sani. Ya ce ai kunne rabin ilimin ne, sauran rabin a harshe yake. Ya ce a birni da ɗanɗano yake bambance ruwan famfo da na rijiya da na sama. Ya dangwalo ƙasar da yatsa biyu.

Ni fa na ga inda aka dosa. Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. Na yi gyaran murya na ce, "Tanimu."

Bai ko dube ni ba. "Baba Jibo, don girman Allah. Aikin masana ake yi. A yi mana shiru."

Na yi shiru.

Ya kai yatsu baki. Ya tsotsa, ya juya harshe, ya dubi sama. Fuskarsa ta ɗan yamutse, ya yi maza ya gyara ta. Ya ce ruwan famfo ne tsantsa, babu tantama. Mai unguwa ya tambaye shi me ya sa ya ɓata fuska. Ya ce ɗan gishiri-gishirin maganin da ake zuba wa ruwa ne, bana an cika hannu. Wani mai garuwa daga baya ya ce shi dai ya san ruwa ba ya tsami banza. Tanimu ya harare shi, ya ce hassada ce ta masu tsoron cinikinsu ya mutu. Don ya kashe bakin kowa, ya sake dangwalowa, wannan karon da yawa, ya lashe har tafin hannu. Ya ce wanda ke shakka ya zo ya taɓa.

Ba wanda ya zo. Ragona ne ya matso. Ya buɗe ƙafafu a daidai wurin, dab da gwiwar Tanimu, tsirrrr. Ya daɗe yana yi. Kanwa ce.

Layi ya yi tsit, irin shirun da Tanimu ya nema tun farko. Sai wata tsohuwa ta bayan katanga ta ce, "Ga kamfanin ruwan nan ya sako." Nan aka fashe da dariya. Masu garuwa har da kwanciya a kan kura.

Tanimu ya tofar, ya goge baki da hannun riga, ya miƙe yana rantsuwa. Ya ce rago dai ya yi nasa a sama, amma yoyo na ƙasa, a ba shi diga. Aka ba shi. Ya haƙa yana haki, gumi na zuba ta ƙarƙashin hular kwano. Ya iske bututu. Lafiya lau, sumul, ko raɓa babu, kana jin ruwa na wucewa a ciki abinsa. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya leƙa kamar wanda ya yar da allura.

Ana cikin haka Hajiya ta ce wa mai unguwa kamar kujerarta na karkacewa. Kafin ya amsa, ƙafar kujera ta nutse, luɓus. Ƙasa ta yi ɓul-ɓul. Sai ruwa, fyuuu, ja wur da laka, ya taso ta ƙarƙashin farin leshi har saman mayafi. Hajiya ta tafi da baya, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Mata suka ruga suka ɗaga ta.

Da Tanimu mai wayo ne, da sai ya ce ga yoyon nan, kunnensa ne ya zarce kaɗan. Amma baki shi ke yanka wuya. Ya dubi ruwan, ya dubi turke, ya dafe hula da hannu biyu ya ƙwala: "Wa ya matsar da turken? Wallahi can yake jiya da na huda!"

Mai unguwa ya juyo a hankali. "Da ka yi me?"

Tanimu ya ja da baya. Rodi ya faɗi, ƙwararan.

Hajiya ta tsaya tana matse mayafi, laka na ɗiga daga haɓarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa mai unguwa a sa shi ya gyara abin da ya ɓata kafin ya bar wurin, a gaban kowa. Sannan ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Jari kuwa, gara in zuba a ragon nan. Shi in zai yi yoyo, a gaban mutane yake yi." Ta karɓi takalminta ta wuce.

Aka bar shi durƙushe cikin taɓo yana naɗe bututu da robar tayar keke, jama'a na ba shi shawara. Da ya gama ya taso ya nufo ni, ido jawur, yana ta kakarin tofar da yawu.

"Haba Baba Jibo. Kana tsaye kana kallo na sa abin nan a bakina, har sau biyu, ba ka ce komai ba?"

Na kwance ragona, na ja shi zuwa gida.

Na ce, "Aikin masana ake yi."