Injin Ƙyanƙyasar Dakta Saura-Ƙiris

"Kaza raguwa ce," in ji Dakta Saura-Ƙiris. "Kwana ashirin da ɗaya tana kwance kan ƙwai kamar mai jinya. Ni a kwana bakwai zan gama aikin."

A ɗakin shan shayin malamai ya faɗi haka, ranar da aka manna sanarwa cewa gwamnatin jiha ta ware tallafi don bincike da ƙere-ƙere a jami'a, kuma kwamiti zai zo ya ga abin da kowa ya ƙera da idonsa. In ba ka san mutumin ba, bari in nuna maka shi. Gajere ne mai tumbi, da biro huɗu a aljihu, babu mai rubutu a cikinsu. Shekara tara ke nan duk wanda ya tambaye shi maganar zama farfesa sai ya ce saura ƙiris, har sunan ya bi shi. Tuni ya sa an sassaƙa masa allon ƙofa na tagulla mai ɗauke da kalmar FARFESA, yana ajiye a ƙarƙashin katifa. Abin da ya rage masa shi ne bincike guda mai tallafi, kuma ga shi ya zo har gida.

Injin nasa tsohon firji ne da ya cire wa hanji, ya jera ƙwayayen lantarki a ciki, ya shafa masa koren fenti. Hikimar kuwa a allon rubutu take. Kaza tana ɗumama ƙwai da zafin digiri talatin da bakwai na kwana ashirin da ɗaya. To, in ka ninka zafin sau uku, dole kwanakin su ragu sau uku. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

Baba Mai Makulli, dattijon da ya shekara talatin yana kula da ɗakin gwaji, ya dubi allon, ya dubi kiret ɗin ƙwan da Dakta ya sayo a kanti. Cikin ladabi ya ce kajin da suka saka wannan ƙwai ba su taɓa ganin zakara ba ko a hoto, kuma sashen noma yana nan bene na ƙasa, da an leƙa an yi tambaya.

"Baba, zakara tsohon yayi ne," in ji Dakta. "Kai dai riƙe makullinka."

Baba ya riƙe makullinsa, ya kuma matsar da kujerarsa kusa da ƙofa.

Kiret na farko ya tarwatse kafin azahar, da ƙarar da ta sa magatakardan jami'a ya shige ƙarƙashin tebur. Dakta ya rubuta a littafinsa cewa ƙwayayen sun nuna alamun motsi. Ya rage zafi kaɗan, ya zuba na biyu. Wannan bai fashe ba, sai dai ƙamshinsa ya sa ɗalibai suka riƙa leƙowa suna tambaya ko akwai burodi. Haka aka yi ta yi har ranar zuwan kwamiti ta wayi gari, kiret na biyar yana ciki, babu ko tsiyak.

A nan ne Dakta ya tuna gidansa yana bayan ginin da ɗakin gwajin yake, kuma matarsa tana da wata jar kaza mai 'yan tsaki takwas. Ya faki idonta tana shanya, ya kwashe su a kwali. Da ta juyo ta tambaye shi me ke kuka a kwalin, ya ce takardun bincike ne.

"Malam, takardun naka yunwa suke ji," in ji ta.

Ya yi gaba da kwalinsa. Bai kuma waiwaya ba, da ya ga wadda ta biyo shi a baya, fuka-fukai a buɗe.

Ya kashe injin, ya bar shi ya huce, ya jera 'yan tsakin a tsakanin ƙwai, ya rufe. Kwamitin mutum uku ne, shugabarsu wata tsohuwar likitar dabbobi mai farin gilashi, wadda ba ta ɓata magana. Dakta ya yi musu jawabin minti arba'in. Ya ce da wannan inji jihar za ta ciyar da maƙwabta, kaji kuma su huta su nemi wata sana'a. Sannan ya buɗe ƙofar firjin da hannu biyu.

Shugabar ta ɗauki ɗan tsako guda, ta buɗe fiffikensa, ta tambaya yaushe aka ƙyanƙyashe shi. Dakta ya ce yau da hantsi. Ta ce abin sha'awa ne, don gashin fiffiken na mai kwana goma ne. Ya ce ai saurin injin ke nan, har girman ma ninkawa yake. Ta nemi ganin ɓawon da suka fito daga ciki. Ya ce injin ba ya barin shara.

Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi a gefen tebur, ta ɓare. Fari sol, ya dahu har gwaiduwa. Na kusa da ita, wanda tun safe bai karya ba, ya tambayi Baba ko akwai gishiri. Baba ya ciro daga aljihu a ƙulle a takarda. Kwana shida ke nan yana zuwa da shi.

Dakta yana cikin bayanin cewa wannan ƙwan na gwaji ne, sai jar kaza ta shigo. Ta haye bene biyu, ta wuce ofis goma sha ɗaya, ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta yi ƙut-ƙut sau biyu. 'Yan tsaki takwas suka dirgo daga cikin fasahar zamani ɗaya bayan ɗaya, suka shige ƙarƙashinta. Da Dakta ya sunkuya zai kama guda, ta sare shi a hanci. A bakin ƙofa matarsa ce tsaye da kwando, tana gaida baƙi.

Shugabar ta duba takardar neman tallafin, wurin da aka rubuta sunan jagoran bincike.

"Dakta, nan akwai kuskure," in ji ta. "Wadda ta yi aikin ga ta can a ƙarƙashin tebur, kuma ban ga sa hannunta ba."

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Tallafin ya tafi ga wata malama mai shiru-shiru a ofishin da ke kusa da nasa, wadda ta ƙera famfon rijiya mai aiki da hasken rana. Shi kuwa Dakta wasiƙa ɗaya ya samu, daga mai dafa abincin ɗalibai, tana tambaya ko injin na haya ne.

Ya koma gida da filasta a hanci, ya ɗaga katifa don ya ɗan kalli allonsa ya ji sanyi. Babu allo. Ya fita tsakar gida yana cigiya, sai ya hango shi an kafe shi da ƙusa huɗu a ƙofar akurki, yana ƙyalli, jar kaza tana zaune a ƙarƙashinsa.

"Ƙofar ce ta ɓalle, na rasa abin tarewa," in ji matarsa, ba tare da ta ɗago daga wankinta ba. "Kuma ai ita ta kammala nata binciken, Malam. Kai saura ƙiris."